Rabon Faifan Kwamfuta Da Tsarin LVM: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

1. DALILIN WANNAN TAKARDA

An rubuta wannan takarda domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai. Duk ofishin da ya ke aiki da kwamfuta, takardunsa a kan faifai su ke zaune, watau ma'ajin da ke cikin injin: rajistar filaye, da takardun rabon gado, da wasiƙu masu shiga da masu fita, da hotunan taswira. Faifai kuwa yana da iyaka, ya kan cika kamar yadda akwati ya ke cika. Ran da ya cika aiki ya tsaya, talaka ya zo daga nesa neman takardarsa ya koma hannu wofi.

Abin takaici shi ne, sau da yawa ba faifan ne duka ya cika ba. Sashe ɗaya ne ya cika, maƙwabcinsa kuwa yana nan fayau, amma ba dama a ɗebo daga wannan a ƙara wa wancan. Akwai wata hanya da a ke kira LVM wadda ta ke maganin wannan wahala a kwamfutocin da ke aiki da tsarin Linux. Za mu bayyana yadda ta ke, da umarnin da malami zai buga, da wuraren da hatsari ya ke. Hakimi ba ya bukatar ya haddace umarnin, amma ya kamata ya fahimci abin da malaminsa ya ke yi da amanar jama'a, domin ya san tambayar da zai yi masa.

2. TSOHUWAR HANYA DA AIBINTA

Tun daga shekarar 1983 ƙananan kwamfutoci su ke da wata al'ada ta yanka faifai sashe-sashe. A farkon faifan a kan rubuta ɗan jadawali mai cewa sashe na fari ya tashi daga nan ya tsaya nan, na biyu ya ɗauka daga inda na fari ya tsaya. Wancan tsohon jadawali manyan sassa huɗu kaɗai ya ke ɗauka, kuma a galibin faifai ba ya iya lissafin abin da ya wuce terabait 2. Daga baya an fito da sabon jadawali mai suna GPT, wanda bisa al'ada ya ke ɗaukar sassa 128. Wannan ya rage wahala, amma bai taɓa tushenta ba.

Tushen wahalar shi ne, ko wane sashe tilas ya zama yanki guda a haɗe, daga farkonsa har ƙarshensa, a kan faifai guda. Hakimai sun san irin wannan a sha'anin gonaki. Mutum yana da gona, gabas da yamma duk maƙwabta sun kewaye shi. Iyalinsa sun yi yawa, yana son ƙari, ga fili kuwa a bayan gari ba mai noma shi, amma ba yadda za a yi a jawo filin nan a manna shi da gonarsa. Haka sashen faifai ya ke. In za a faɗaɗa shi sai a tsai da aiki, a kwashe na maƙwabcinsa a matsar, ko kuwa a kwashe kome a sake yanka faifan daga farko. Saboda haka wanda ya ke kafa kwamfuta tilas ya yi kirdadon bukatar shekaru masu zuwa tun ranar farko, kirdado kuwa ba ya cika faɗawa daidai.

3. ASALIN LVM

Linux tsari ne na tafiyar da kwamfuta wanda Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan, ya fara a 1991. A 1998 wani masani mai suna Heinz Mauelshagen ya rubuta wa Linux wannan hanya ta LVM, ya ɗauki fasalinta daga irin wadda ke cikin tsarin HP-UX. Daga baya aka sake gina ta, aka kira sabuwar LVM2, wadda ta zo tare da fitowar Linux ta 2.6 a ƙarshen 2003. Ita ce a ke aiki da ita har yanzu, kuma duk umarnin da ke cikin wannan takarda nata ne. Ba a sayen ta da kuɗi. Tana zuwa cikin manyan nau'o'in Linux kamar Debian da Ubuntu da Red Hat, in kuwa ba a same ta a kafe ba sai a sa kunshin da a ke kira lvm2.

Dabarar da ke cikinta guda ɗaya ce. Maimakon a yanka iyaka a jikin faifai, sai a rubuta ta a cikin littafi. Abin da ke rubuce a littafi kuwa ana iya gyara shi ba tare da an ɗaga kome daga wurinsa ba.

4. ABUBUWA HUƊU DA ZA A RIƘE

Na fari, faifai mai rajista. Wannan shi ne faifai, ko wani sashe na faifai, wanda aka buga wa hatimin LVM aka ba shi lambar shaida tasa shi kaɗai. Duk umarnin da ya shafe shi da haruffan pv ya ke farawa.

Na biyu, gandu. Ana tara faifai masu rajista, ɗaya ko biyu ko goma, a mai da su dukiya guda ƙarƙashin suna guda, kamar yadda gonakin gida su ke zama gandu ƙarƙashin maigida ko da ba a wuri ɗaya su ke ba. Umarnin gandu da vg ya ke farawa.

Na uku, fegi. Da zarar faifai ya shiga gandu sai LVM ta auna shi ƙanana-ƙanana, duka girmansu ɗaya, ko wanne da lambarsa. In ba a faɗi wani awo dabam ba, ko wane fegi megabait 4 ne.

Na huɗu, kaso. Daga cikin gandu a ke ɗebo fegi kaza a ba wani aiki, kamar yadda a ke yanka wa ɗa gayauna. Kaso shi ne ya maye gurbin sashen faifai na tsohuwar hanya, a cikinsa a ke zuba takardu. Umarninsa da lv ya ke farawa.

To, ga inda amfanin ya ke. Fegin kaso guda ba tilas su kasance kusa da juna ba. Waɗansu na iya zama a farkon faifai na ɗaya, waɗansu a tsakiyar faifai na biyu. Littafin LVM shi ya san cewa fegi kaza da kaza na kaso kaza ne, kuma ga yadda su ke bin juna. Kwamfuta in ta dubi kason sai ta gan shi kamar yanki guda miƙaƙƙe. Ƙara wa kaso girma bai wuce a rubuta masa waɗansu fegi daga cikin waɗanda ba su da mai su ba. Shi wannan littafi kuwa ana ajiye kwafinsa a farkon ko wane faifai mai rajista, don haka in aka ɗauki faifan gandu duka aka kai wata kwamfutar, za ta karanta ta gane rabon.

5. KAFIN A TAƁA KOME

Ana ba da umarnin nan a rubuce, a wani allo da a ke kira layin umarni. Malami ya buga kalmomin, ya danna maɓallin shigarwa, kwamfuta ta aikata. Ba ta tambayar niyya, abin da aka rubuta shi ta ke bi. Ba ko wane mai aiki da kwamfuta ke da ikon ba da wannan umarni ba, sai mai cikakken iko wanda a ke kira root, ko wanda aka yarje wa ya sa kalmar sudo gaban umarninsa. A lura kuma, babban harafi da ƙarami ba ɗaya su ke ba a nan.

Bari mu yi misali da wani ofishi. Kwamfutarsa tana da faifai guda wanda tsarin Linux ya ke kai, an kuma sayo sababbi biyu, ko wanne gigabait 500. Abin da malami zai fara bugawa shi ne:

lsblk

Wannan ba ya canja kome, jerin faifan da ke cikin injin kawai ya ke nunawa, da girmansu, da inda aka ɗaura su. A misalinmu zai nuna sda, da sdb, da sdc. Na farin shi ne mai ɗauke da tsarin, ba a taɓa shi. Lalle ne malami ya tabbata wane suna ne na wane faifai, ya duba girma, ya duba ko akwai abin da ke kai. Kada ya dogara da abin da ya gani jiya, gama sunayen nan suna iya musanyawa in an kashe kwamfuta an kunna, ko an sauya wa faifai wurin zama.

Kada kuma ya firgita in ya ga faifan da aka rubuta wa 500 a kwali ya fito kamar 465. Ba a cuce shi ba. Masu ƙera faifai da dubu-dubu su ke lissafi, LVM kuwa da 1024.

6. KAFA GANDU DA YANKA KASO

Mataki na fari, a buga wa faifan hatimi:

pvcreate /dev/sdb /dev/sdc

Wannan shi ne umarnin da ya fi bukatar natsuwa, domin in aka buga shi a kan faifai mai ɗauke da takardu, hanyar isa ga takardun za ta ɓace. In LVM ta ga alamar wani abu a kan faifan ta kan tambaya ko a shafe. Malamin da ya ga wannan tambaya, alhali yana zaton faifan sabo ne, sai ya ce a'a, ya koma ya sake dubawa.

Mataki na biyu, a haɗa su gandu guda, a sa masa suna:

vgcreate gunduma /dev/sdb /dev/sdc

Yanzu akwai gandu mai suna gunduma, mai girman gigabait kamar 931. Wajen sa suna a tsaya ga haruffan boko marasa lanƙwasa, da lambobi. LVM ba ta karɓar ɓ da ɗ da ƙ, ba ta kuma karɓar sarari a tsakiyar suna, saboda haka kason wasiƙu sai a rubuta shi wasiku.

Mataki na uku, a yanka kaso:

lvcreate -n filaye -L 100G gunduma
lvcreate -n wasiku -L 50G gunduma

Harafin n yana gabatar da suna, babban L yana gabatar da girma. Kason filaye ya sami fegi 25,600 ke nan. Saura kamar gigabait 781 yana nan a gandu ba a ba kowa ba. Wani zai ce, don me za a bar wannan fili duka a banza? Ba a banza ya ke ba, shi ne tanadin. Kuskuren da sababbin hannu su ka fi yi shi ne su rabar da gandu kaf tun ranar farko, sai su koma cikin wahalar tsohuwar hanya da hannunsu. A ba ko wane kaso abin da zai ishe shi na 'yan watanni, a bar saura sai bukata ta nuna kanta, domin ƙari yana da sauƙi, ragi kuwa yana da hatsari.

Mataki na huɗu. Kaso sabon yanka kamar ɗaki ne wanda ba a sa masa kanta ba, ba a iya jera takardu a ciki sai an shimfiɗa masa tsarin fayil. Waɗanda aka fi sani biyu ne, ext4 da XFS. A nan za mu ɗauki na fari:

mkfs.ext4 /dev/gunduma/filaye
mkdir /srv/filaye
mount /dev/gunduma/filaye /srv/filaye

Layi na ɗaya ya shimfiɗa tsarin, na biyu ya buɗe folda, na uku ya ɗaura kason a kan foldar. Duk abin da aka sa cikin foldar nan daga yanzu cikin kason filaye ya ke shiga. Haka za a yi wa kason wasiku. Amma wannan ɗauri ba ya kwana in an kashe kwamfuta, sai an rubuta shi cikin fayil ɗin /etc/fstab kamar haka:

/dev/gunduma/filaye /srv/filaye ext4 defaults 0 2

Sunan kaso ba ya musanyawa kamar sunan faifai, domin LVM da lambar shaida ta ke gane faifanta, ko da sdb ya wayi gari yana amsa sunan sdc.

Akwai umarni uku na duba hali waɗanda ba su canja kome: pvs yana nuna faifai, vgs yana nuna gandu da abin da ya rage a cikinsa, lvs yana nuna kaso. Na huɗunsu shi ne df -h, mai nuna yawan abin da takardu su ka ci a cikin ko wane kaso. Ya kamata malami ya buga waɗannan huɗu ko wane mako.

7. ƘARA WA KASO GIRMA

A ce bayan shekara guda an ɗauki hotunan tsofaffin takardun filaye da yawa an zuba, har df ya nuna kason filaye ya kusa cika. Malami ya buga vgs ya ga akwai saura a gandu. Sai ya buga:

lvextend -r -L +60G /dev/gunduma/filaye

Cikin ɗan lokaci kason ya koma gigabait 160, ba a kashe kwamfuta ba, ba a kwashe kome ba, masu aiki ma suna kan aikinsu. Amma akwai alamu biyu a cikin layin nan da ya kamata a lura da su ƙwarai.

Ta ɗaya, alamar tarawa da ke gaban 60G. Da ita, ma'anar ita ce a ƙara sittin a kan abin da ke akwai. In babu ita, ma'anar ita ce kason duka ya zama sittin. A wajen ƙari LVM za ta ƙi, tun da sittin bai kai ɗari ba, amma wanda ya saba wasa da wannan alama zai gamu da ita ran da ya zo ragi.

Ta biyu, harafin r. Shi ke sa a faɗaɗa tsarin fayil tare da kason. In an manta da shi, lvs zai ce 160, df kuwa ya ce har yanzu 100, watau an ƙara wa ɗaki girma amma ba a ƙara kanta ba. Ba ɓarna aka yi ba. Sai a cika aikin da resize2fs /dev/gunduma/filaye in ext4 ne, ko xfs_growfs /srv/filaye in XFS ne.

8. KAWO SABON FAIFAI DA SALLAMAR TSOHO

In gandu da kansa ya kusa ƙarewa, sai a sayo wani faifai a sa a injin, a duba sunansa da lsblk. A ce sdd ne:

pvcreate /dev/sdd
vgextend gunduma /dev/sdd

Fegin sabon faifan sun shiga gandu ke nan, ana iya ba ko wane kaso daga cikinsu. Ba tilas girmansa ya zo ɗaya da na dā ba.

Faifai kuma yana tsufa. Zafi da ƙura da yawan ɗaukewar wuta suna rage masa kwana. In wani ya fara jinkiri, ko ƙara, ko kwamfuta ta fara ba da rahoton kuskure a kansa, kada a jira ya mutu. A ce sdb ne ya fara ciwo:

pvmove /dev/sdb
vgreduce gunduma /dev/sdb
pvremove /dev/sdb

Umarni na fari yana kwashe duk fegin da ke da kaya daga sdb ya mai da su sauran faifan gandu, yana gyara littafi yana tafiya, alhali ana kan aiki. Sharaɗinsa shi ne sauran faifan su kasance da isasshen fili. A misalinmu abin da aka raba gigabait 210 ne, sdc shi kaɗai ma zai ɗauke shi. Aikin yana iya cin sa'o'i. In wuta ta ɗauke a tsakiya, bayan an kunna sai a buga pvmove shi kaɗai ba tare da sunan faifai ba, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Umarni na biyu yana fitar da faifan daga gandu, na uku yana share hatiminsa. Sai bayan waɗannan uku, bi da bi, za a zare faifan daga injin. Wanda ya zare shi kafin haka ya tafi da wani yanki na takardun ofis a hannunsa.

9. RAGE WA KASO GIRMA

Wannan shi ne wurin da ya fi kowanne hatsari. Tsarin fayil yana watsa takardu ko'ina cikin kaso, har can ƙarshensa. In aka datse ƙarshen kaso kafin a tattaro takardun zuwa gaba, an datse su tare da shi, kuma da wuya su dawo. Ƙa'idar ita ce: wajen ƙari kaso ke gaba, tsarin fayil ya biyo, wajen ragi tsarin fayil ke gaba, kaso ya biyo.

In tsarin ext4 ne, tilas a tsai da aiki a kwance kason tukuna. Ga yadda za a mai da wasiku daga 50 zuwa 30, bayan an tabbata takardun da ke ciki ba su kai talatin ba, an kuma yi kwafinsu a wani wuri:

umount /srv/wasiku
e2fsck -f /dev/gunduma/wasiku
lvreduce -r -L 30G /dev/gunduma/wasiku
mount /dev/gunduma/wasiku /srv/wasiku

Harafin r a nan shi ke kiyaye ƙa'idar, ya rage tsarin fayil kafin kason. Kada a bar shi ko da LVM ba ta yi gardama ba. A lura kuma, 30G na nufin kason ya koma talatin, amma -30G na nufin a cire masa talatin, ya koma ashirin.

In tsarin XFS ne, wanda Red Hat ta mai da shi zaɓinta na fari tun fitowarta ta 7 a 2014, to, a aikin yau da kullum ba a rage shi. Sai dai a yanka sabon kaso ƙarami, a kwafe takardun ciki, a tabbata sun cika, sa'an nan a rushe tsohon da lvremove. Ga dalili na biyu ke nan da ya sa muka ce a fara da kaɗan.

10. HOTON KASO

LVM tana iya tsai da kamannin kaso kamar yadda ya ke a wani lokaci, ko da an ci gaba da rubutu a cikinsa. Ana kiran wannan hoto:

lvcreate -s -n hoto -L 10G /dev/gunduma/filaye

Ba a kwafe gigabait 160 cikin 10 ba. Abin da ke faruwa shi ne, duk sa'ad da za a canja wani wuri a cikin filaye, sai LVM ta fara ajiye tsohon abin da ke wurin a cikin hoton. Amfaninsa biyu ne. Ana yin kwafin ajiya daga hoton, don a sami takardun a tsaye cik ba a tsakiyar canji ba. Ana kuma ɗaukar sa kafin wani babban gyara, in gyaran ya ɓaci a koma baya da lvconvert --merge gunduma/hoto. In kason yana ɗaure lokacin da aka ba da wannan umarni, komawar ba ta farawa sai an kwance shi an sake tashe shi.

Hoto ba abin ajiyewa ba ne har abada. Yana rage saurin rubutu, kuma in canje-canjen su ka cika gigabait goman nan, hoton ya lalace duka, ko da ya ke kason asali yana nan lafiya. Umarnin lvs yana nuna kashi nawa cikin ɗari ya cika. Da an gama bukata sai a buga lvremove /dev/gunduma/hoto, a kuma karanta sunan sau biyu kafin a amsa, kada a rushe filaye a madadin hoto.

Akwai kuma wata dabara a cikin LVM wadda ta ke bari a yi wa kaso alkawarin fili fiye da abin da ke akwai, bisa zaton ba duka za su nema lokaci guda ba. Manyan ma'aikatu masu masu tsaro dare da rana suna amfani da ita. Ƙaramin ofishi ya nisance ta. Hakimai sun san abin da ke biyo bayan fili ɗaya da aka yi wa mutum biyu alkawarinsa.

11. ABIN DA LVM BA TA YI

Kada wani ya ɗauka tun da takardu suna cikin gandu mai faifai uku sun tsira. A rabon da muka nuna, ko wane fegi wuri ɗaya ya ke. In faifai guda ya mutu farat ɗaya kafin a yi pvmove, duk kason da ke da fegi a kansa ya sami rauni, wanda ya ratsa faifai biyu kuwa mutuwar ko wannensu ta ishe shi. Ana iya rage wannan hatsari da yanka kaso mai tagwaye, wanda ko wane feginsa a ke rubuta shi a faifai biyu:

lvcreate --type raid1 -m 1 -n gado -L 40G gunduma

Wannan zai ci gigabait 80 da 'yan kai daga gandu, amma mutuwar faifai guda ba za ta tafi da shi ba. Duk da haka tagwaye ba su maganin gobara, ko ɓarawo, ko malamin da ya shafe fayil bisa kuskure, gama abin da aka shafe a ɗaya an shafe shi a ɗayan. Hoto ma a cikin gandun ya ke zaune, abin da ya ci gandu ya ci shi. Maganin waɗannan shi ne kwafin ajiya a wani faifai dabam, wanda a ke zarewa a kai wani gini.

LVM tana ajiye kwafin littafinta na yanzu a /etc/lvm/backup, tsofaffin kuma a /etc/lvm/archive, ana iya mai da shi da umarnin vgcfgrestore in an yi kuskuren rabo. Amma a gane, littafin iyakoki ne kawai, ba takardun da ke ciki ba. A riƙa haɗa shi cikin kwafin ajiya.

12. ABIN DA YA WAJABA A KAN HAKIMI

Ana roƙon ko wane hakimi da ofishinsa ke da irin wannan kwamfuta ya tsayar da waɗannan ƙa'idodi:

1. A buɗe littafi na takarda, malami ya riƙa rubuta ko wane umarni da ya canja rabo, da ranar, da dalilin, ya sa hannu.
2. Ko wane wata malami ya nuna wa hakimi abin da vgs da df su ka ce. In saura ya yi ƙasa, a nemi sabon faifai tun da wuri.
3. Kada a buga pvcreate, ko mkfs, ko lvreduce, ko lvremove, sai mutum na biyu ya karanta layin kafin a danna.
4. Kada a yi ragi ko babban gyara sai an yi kwafin ajiya, an kuma buɗe shi an ga takardun suna karantuwa.
5. Kalmar sirrin mai cikakken iko kada ta zauna a kan mutum ɗaya kaɗai. A rubuta ta a rufe cikin ambulan, hakimi ya ajiye, domin malami yana iya ciwo ko a sauya masa wurin aiki.
6. Sabon malami ya koyi hannu a kan faifan da ba kome a ciki kafin ya taɓa na ofis.

Hakimin da ya tambayi malaminsa abu uku, watau nawa ya rage a gandu, yaushe aka yi kwafin ajiya na ƙarshe, kuma ina ya ke, ya sami amsa mai gamsarwa, to, takardun jama'arsa suna cikin kiyayewa gwargwadon iko. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.